Wane littafi ya dace da 'yar JSS 1?

Maman Nana: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina neman littafin labari na Hausa ga ɗiya 'yar shekara 12, kan ƙawance da zaman makaranta. Irin wanda yarinya mai kunya ke koyon buɗe baki ta faɗi abin da ke ranta.

Anti Luba: Wa alaikumus salam. Ki dai kiyayi littattafan da ake karantawa a waya.

Malam Bello: Hajiya, a nan aka fi ruɗuwa. Bango ya nuna 'yan mata da kayan makaranta, babi na farko ana aji, amma kafin shafi na 20 wani saurayi ya faka mota a bakin get, shi ke nan ƙawance ya koma kishi. Kafin ki biya, karanta babi uku: na farko, na tsakiya, na ƙarshe. A na ƙarshen ki duba wa ya warware matsalar. In wani Alhaji ko shugabar makaranta ce ta zo ta gyara komai, ki aje shi, yarinyar ba ta yi magana da bakinta ba. Tauraruwar ta girme mai karatu da shekara 1 ko 2 kawai. Shafi 60 zuwa 100 ya isa, babi kada ya wuce shafi 8, don ta gama ɗaya tsakanin dawowa Islamiyya da magariba. Sai ki ba ta shafi guda ta karanta a bayyane, duk kalmar da ta cije mata ta lanƙwashe yatsa. In biyar suka cika, littafin ya fi ƙarfinta tukuna.

Baban Khalifa: To tsofaffin na kamfanin buga littattafai na NNPC Zariya fa?

Malam Bello: Hausarsu ba ta da na biyu. Sai dai na gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 jarumansu manyan maza ne masu yawon duniya, babu 'yar aji ɗaya a ciki.

Inna Kulu: Kuma duk da Kananci anka rubuta su. Mi munka yi ma marubuta?

Baban Khalifa: Inna, daidaitacciyar Hausa ake cewa 😂

Inna Kulu: Wa yad daidaita ta?

Anti Luba: Labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa gajeru ne, mata suka rubuta, amma yawancinsu matsalolin manya ne. Uwa ta fara tacewa.

Malama Hadiza: A duba ɗauri ma. Mai gam zalla, zafin Afrilu na Sakkwato kan busar da gam ɗin, shafuka su fara zubewa. Mai ɗinki ko sitefula ya fi jure jakar makaranta. A kuma tabbata an sa wa ƙ, ɗ, ɓ lanƙwasarsu, in ba haka ba yarinya ta saba rubuta "kasa" a madadin "ƙasa" har cikin jarrabawa.

Inna Kulu: Baban Khalifa, ina jiran amsa.

Maman Nana: To suna fa? Ko guda ba ku ba ni ba.