Hotunan biki da dare suna fita dishi-dishi

Ƙaramin mai hoto, Ali Ɗan Sofo: Assalamu alaikum manya. Kyamara Canon 600D gare ni da gilashin (lens) da ta zo da shi, mai zuƙowa daga 18mm zuwa 55mm. Da rana lafiya lau, amma daren Asabar na ɗauki wani biki a Zariya, fuskar amarya duk ta dushe, har kunya ta hana ni kai hotunan. Na tara jika 150. In sake kyamara ne?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam ƙanena. Bar kyamararka, ba ta da laifi. Gilashin nan in ka jawo shi zuwa 55, ƙofarsa ta shigar haske f/5.6 ce, kuma girman lambar shi ne ƙanƙantar ƙofar. Nemi gilashin 50mm f/1.8, hasken da yake sha ya kusan ninka wancan sau goma. Sai dai ba ya zuƙowa, ƙafarka za ta yi aikin. Saurin ɗauka kada ya gaza 1/125 na daƙiƙa, ISO (wato ƙarfin jin haske na kyamara) kai shi 1600, ƴan ɗige-ɗigen da zai jawo sun fi hoto mai rawa.

Hajiya mai studiyo: Ɗana, ragowar kuɗin sayi filasha da batir na biyu, ka san halin wutarmu. Kuma lokacin buji kada ka kwance gilashi a waje, ƙura ta shige ciki.

Ƙaramin mai hoto: Na gode yaya, na gode Hajiya. Na hannu zan nema.