Ina zan kai 'yan aji biyu?

Sabuwar malama: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, an ɗora min fitar da 'yan ajina ziyara kafin a yi hutu kuma ni ban taɓa yi ba. Aji biyu ne, su 36. Ina ya dace in kai su? Sannan me kuke yi musu a aji banda rubutu a allo, ni dai na ga alamar sun fara gajiya da ni

Malamin kimiyya: wa alaikumussalam. Gidan zu mana, ai shi yara suka fi so

Malamar aji 1: Wake Malama, wake. Kofin roba wanda ake ganin cikinsa, ki jiƙa auduga ko tishu ki cusa, ki maƙala ƙwaya uku a jikin kofin. Kwana uku zuwa biyar za su ga saiwa ta ɓullo, ita ke riga ganye fitowa, kuma ko ta yaya kika kwantar da ƙwayar ƙasa saiwar za ta nufa. Ki ɓoye kofi ɗaya a kabad inda ba haske, zai fito dogo siriri ruwan ɗorawa, su dinga gwada shi da na bakin taga kullum da safe da rula

Malamin aji 5: namu ɓera ya cinye tsakanin Asabar da Lahadi 😂

Malamar aji 1: to sai ka koyar da su darasin ɓera

Hajiya mai aji 3: Ƙanwata kafin ki zaɓi wuri bari in ba ki labarina. Shekarun baya mun kai yara gidan zu, 41 muka fita da su mu uku malamai, ranar kuwa makarantu sun kai biyar a wurin kuma akwai wata mai yunifom kusan irin namu, shuɗi da fari. Lokacin tafiya ya yi direba yana ta danna hon wai yana da wani ɗauka, na tsaya a ƙofar bas ina ƙirga kai, 41 cif, na sake ƙirgawa a ciki 41, muka tashi. Mun yi nisa sai wata yarinya ta ja min mayafi ta ce Anti wannan ba ɗan ajinmu ba ne. Na duba, yaron mutane ne zaune a kujerar baya ya yi tsuru tsuru ko kuka ya kasa. Ashe namu yana can wajen birai. Wallahi ban san yadda ƙafata ta ɗauke ni ba da muka koma, malaman ɗaya makarantar suna ta neman nasu kamar za su yi hauka, namu kuwa yana ofishin masu gadi an ba shi ruwa yana sha hankalinsa kwance. Uban yaron da ya ji labari sai da aka yi zama uku da shi, kuma ban ga laifinsa ba. Tun ranar ban ƙara ƙirga kai ba, rajista nake buɗewa in kira suna, yaro ya amsa in ga fuskarsa sannan ya hau. A ƙofar makaranta, da isa, da tashi, duk inda muka sauya wuri. Kuma kowa da abokin riƙon hannu, in aka tambaye shi ina naka ya nuna shi

Sabuwar malama: innalillahi, Hajiya kin sa cikina ya ɗuri ruwa

Malamin kimiyya: shi kuma yaron mutane da kuka sato fa 🤣

Hajiya mai aji 3: Malam ba abin dariya ba ne wallahi

Tsohon hedimasta: Gaskiyar Hajiya. Ki je wurin da ƙafarki kafin ranar, ki ga ina banɗaki, ina inuwa, ƙofa nawa ce. Takardar amincewar iyaye da sa hannu da lambar waya, wanda bai dawo da ita ba ba ya hawa mota komai kukansa. Ki tambayi masu asma da masu sikila, maganinsu a jakarki yake ba a tasu ba. Yara 36 'yan shekara bakwai kada ku gaza manya shida.

Sabuwar malama: na gode ranka ya daɗe. Manya shida kuwa ina zan same su

Malamin aji 5: kada dai ki ce iyaye. Uwa ta zo ɗanta kawai take ɗauka hoto, sauran biyar ɗin da aka ba ta ko oho

Wata uwa: Haba Malam, wannan kuɗin goro ne ka yi mana. Ni na raka sau biyu kuma ni na riƙe mai amai a mota har muka dawo, malamin ajin yana gaba yana danna waya

Malamin aji 5: Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, ba da ke nake ba

Wata uwa: da wa kake to

Admin: don Allah a koma kan tambayar Malama

Malamin lissafi: ni dai marfin kwalba. Ki sa kowa ya tara, ƙirga da shi, tarawa da shi, ɗebewa da shi. Gurbin goma kuwa tsinken ashana, duk goma a ɗaure da roba, 34 ya zama ɗauri uku da guda huɗu, ranar da za ku yi aro a ɗebewa sai a kwance ɗauri ɗaya a gabansu, nan take suke ganewa. Ba sabon abu ba ne, Maria Montessori tun 1907 da ta buɗe makarantarta a Rum abin taɓawa take ba yara kafin lamba a takarda

Malamar aji 1: lacca ta tashi

Malamin kimiyya: maganaɗisu ma. Ƙusa, kilif, gwangwanin lemo, wayar tagulla, su fara cankar wanda zai kama. Duk sukan ce zai kama gwangwanin tunda a ganinsu ƙarfe ne, sai ya ƙi saboda alminiyom ne, ki ga ihu. Ko ki fitar da su fili su zana inuwar juna da alli da safe, da tsakar rana, da dab da tashi, a wuri ɗaya

Hajiya mai aji 3: inuwar nan tana da kyau amma a siminti, mu a ƙasa muka yi 'yan aji shida suka tattake lokacin tara

Sabuwar malama: duk na rubuta Allah ya saka da alheri. To amma ina zan kai su 😩

Malamin aji 5: 'yan kwana-kwana, in sun yarda su kunna jiniya

Wata uwa: Malam har yanzu ba ka faɗa min da wa kake ba