Yaushe aka fara wanke hannu a asibiti, kuma sanitaiza kaɗai ta isa?

Ɗalibar Jinya, Jos:
Salamu alaikum manya. Wai da gaske akwai zamanin da likitoci ke karɓar haihuwa ba su wanke hannu ba? Kuma idan famfon ɗakin majinyata ya ƙafe, sanitaiza ta wadatar?

Ungozoma, Gangare:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Gaskiya ne. A babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ɗaliban likita kan baro fiɗar gawa su wuce ɗakin haihuwa kai tsaye. A ɓangarensu kusan mace 10 cikin 100 zazzaɓin jego ke kashewa. A na ungozoma, da ba sa taɓa gawa, wajen 4. A 1847 Dakta Semmelweis ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen da suka kai 18 cikin 100 a Afrilu suka sauko wajen 2 a Yuni. Abin takaici, abokan aikinsa suka yi biris da shi. Sai a 1867 likitan tiyata Lister ya fito da tsaftace rauni da sinadarin kabolik a Gilasgo ta Birtaniya.

Likita, Tudun Wada:
Abin da ya buɗe wa Semmelweis ido shi ne rasuwar abokinsa Kolletschka, wanda wuƙa ta yanka wurin fiɗar gawa. Irin haka ta faru a nan Jos a 1970: Dakta Jeanette Troup ta yanke tana binciken gawar mai zazzaɓin Lassa, cutar ta kama ta, ta rasu.

Nas, Bukuru:
Kan tambayarki ta biyu, 'yar'uwa: in hannu ba datti a ido, sanitaiza ta isa, muddin barasar cikinta ta kai kashi 60 zuwa 80. Ki cika tafin hannu, ki murza daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya bushe da kansa. Amma in akwai jini ko bayan gida, ko majinyacin na gudawa, sai sabulu da ruwa, daƙiƙa 40 zuwa 60, don barasa ba ta kashe wasu ƙwayoyin gudawa irin C. difficile. Inda aka fi kuskure shi ne babban yatsa, bakin farce da tsakanin yatsu. Safar hannu ma takan huje ba a sani ba, saboda haka a wanke bayan an cire. In famfo ya ƙafe, a samu bokiti mai famfo ko wani ya zuba miki da buta. Kada kowa ya tsoma hannu a baho ɗaya, kuma a kawar da tawul ɗin da kowa ke gogewa da shi.