Wai daga ina sunan mahalabiya ya fito?

Rabi, Nima: Assalamu alaikum. Shekara uku na yi ina aiki a kicin ɗin wata 'yar Labanan a Osu, cikin Accra, can na koyi mahalabiya: madara da sukari da garin shinkafa, a yi ta damawa a kan wuta kaɗan har ta yi kauri, a ɗiga ruwan wardi, a zuba a ƙananan kofuna ta kwana a firji. Azumin nan na fara sayarwa a ƙofar gidanmu. Jiya wani dattijo ya ɗanɗana ya ce, "'Yata, wannan ai kunun madara ne ya sha sanyi, me ya kawo dogon suna?" Na yi tsuru-tsuru. Ni a zatona daga halib ne, wato madara da Larabci. Malamai a taimaka.

Malam Sani, Aboabo: Wa alaikumus salam. Malama Rabi, kunne ne ya ruɗe ki, kuma ba ke kaɗai ba. Halib da ha ƙarami ake rubuta shi, irin na alhamdu. Muhallabiyya kuwa a tsofaffin littattafai da ha babba take, irin na huwa. Mu a bakinmu duk ɗaya ne, ga Balarabe hanyar jirgi daban ta mota daban.

Ana jingina sunan ga Muhallab ɗan Abi Sufra, sarkin yaƙin zamanin Banu Umayya wanda ya fafata da Hawarijawa, ya yi gwamnan Hurasan, ya rasu a 702. Wai wani mai dafa abinci Bafarishe ne ya yi masa, ta yi masa daɗi, sunansa ya bi ta. Ki lura na ce wai, ba hadisi ba ne. Abin da ke rubuce shi ne littafin girki na Ibn Sayyar al-Warraƙ, Bagadaza, ƙarni na 10, ya kawo ta, har da irin wadda ake sa naman kaza.

Hajiya Fati, Mamobi: Kaza a cikin madara da sukari? Malam, a bar wa mutanen da kayansu. Amma ni na ga an rubuta ta da ha ƙaramin a jikin roba lokacin da na je Umara, kada a kayar da Rabi gaba ɗaya.

Malam Sani, Aboabo: Gaskiyarki Hajiya, wasu Larabawan haka suke rubutawa yanzu, madarar ce ta ja su. Kazar kuma har gobe Turkawa na yin irinta da ƙirjin kaza.

Awudu, Sabon Zongo: Yaya Rabi, ki gaya wa baban nan burkina, gero da madarar nan da yake sha kullum, sunan ƙasa ce sukutum, mutanen can dege suke ce mata. Bai taɓa ƙorafi ba. Nawa kofi?

Rabi, Nima: Na gode Malam, yau zan ba shi labarin Muhallab in ya zo. Awudu ka zo kafin la'asar, ta jiya rabi ta kama ƙasan tukunya ina tsaye ina musu, kofi goma sha biyu kawai na samu.