Tsiro a tafin ƙafar Umma, ina za mu kai ta?

Maman Khalifa: Salam 'yan uwa dan Allah shawara nake nema. Ummanmu ce wani ɗan tsiro ya fito mata a tafin ƙafa, ja haka kamar tsoka, ya fi shekara 2, baya mata ciwo amma yanzu da takalmi ya goge shi sai jini, Yayanmu na cewa a kira wanzami ya cire kawai ni kuma wallahi hankalina bai kwanta ba

Hajiya Babba: Allah ya ba ta lafiya. Tana da suga?

Maman Khalifa: A'a Hajiya hawan jini ne kawai

Baban Amira: A gwada shafa man habbatussauda tukuna

Anti Nas: Baban Amira abin da ya shekara 2 har yana jini ya wuce shafe-shafe. Maman Khalifa ki roƙi Yaya ya bar zancen wanzami, ba cirewar ce matsala ba, in ya yanke ya yar wa zai faɗa muku ko mene ne? A asibiti naman da aka cire lab ake kai shi a duba. Akwai wani ƙari da ke fitowa daga hanyar gumi, likitoci na ce masa poroma, ya fi son tafin ƙafa da tafin hannu, ba cutar kansa ba ce kuma ba a ɗauka. Sai dai mu baƙar fata kansar fata ma a tafin ƙafar ta fi fito mana, da ido kuma sukan yi kama

Maman Sadiq: Wlh poroma ɗin nan aka ce mijina yake da shi. Allurar kashe zafi aka yi masa a wurin aka yanke aka ɗinke, ranar ya dawo gida, jiran sakamakon ne ya hana mu barci amma Alhamdulillah. Likitan ya ce in ba a cire duka ba yana dawowa, kuma in ya daɗe jifa-jifa yakan rikiɗe ya zama kansar

Anti Nas: Ku je Asibitin Malam, wato Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke titin Zariya a Kano, akwai likitocin fata da lab ɗin duk a ciki. Ku fara karɓo takardar turawa daga asibitin da take zuwa awon jini. Kafin nan a wanke a rufe da bandeji mai tsafta, ta bar takalmi mai matsewa

Maman Khalifa: Na gode Anti, bari in tura wa Yaya wannan, gobe da sassafe zan je karɓar takardar in sha Allah