Ina karanta Faransanci, amma kunnena ya ƙi kama maganar masu shi

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a aji biyu a sashen Faransanci, kuma shekara mai zuwa, in Allah ya kai mu, za a tura mu Ƙauyen Faransanci na Badagry domin zaman koyon harshen a aikace. Wata matsala ce ta hana ni barci, shi ya sa nake neman shawarar yayye da malamai.

Karatu da rubutu ba sa ba ni wahala, sakamakona a nahawu ma yana da kyau, amma da zarar an fara magana sai kalmomin su manne da juna, musamman inda baƙin ƙarshen kalma da ba a furtawa yake haɗewa da wasalin kalmar da ke biye. Wata huɗu ke nan kullum bayan sallar isha ina sauraron labaran RFI na sauƙaƙƙen Faransanci, biro a hannu, ina rubuta abin da na ji. Idan na duba rubutaccen labarin sai in ga duk kalmomin na san su, kunnena ne kawai bai tsince su ba. Abin yana damuna ƙwarai, domin jarrabawar DELF ta shaidar iya Faransanci, wadda nake son zaunawa, tana ware maki 25 cikin 100 ga sauraro.

Kawuna ya ce in je Maradi hutu, sai dai ina tsoron Hausa za mu yi ta yi a can. Shin in ci gaba da shifta a haka, ko akwai wata hanyar da kuka gwada ta buɗe muku kunne kafin tafiya Badagry?