Filawil mara nauyi a motar gudu: riba ce ko sayen wahala?

Mai_Silinda4:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Motata mai silinda 4 ce, lita 2, giyar hannu 6, ba turbo. Kuloci ya fara sulɓewa, dole a sauke giyabos, shi ne nake tunanin a cire filawil (faifan ƙarfen bayan inji da kuloci ke kamawa) na kamfani mai ɓari biyu, wanda ya kai kilo 12, a sa mai ɓari ɗaya na kilo 5 ko 6. Da motar nake zirga-zirgar yau da kullum, wani lokaci kuma ina shiga filin tsere. Shin ƙarfin inji yana ƙaruwa da gaske? Kuma me zan rasa?

BabanGareji:
Wa alaikumus salam. Ƙarfin inji ba ya ƙaruwa ko kaɗan, a fara ajiye wannan. Filawil ba ya samar da ƙarfi, ajiye shi yake yi. A inji mai silinda 4, wuta tana tashi sau 2 ne kawai a kowane juyi na karanshaf (sandar da fistin ke juyawa), wato bayan kowane digiri 180. Tsakanin bugu da bugu, nauyin filawil ne ke ci gaba da jan karanshaf. Idan ka rage nauyin, ƙarfin da inji ke kashewa wajen juya filawil ɗin kansa ya ragu, sai ya tafi taya. Amma wannan yana faruwa ne kawai lokacin da juyin inji ke hawa. Idan gudu ya daidaita, babu ribar komai, kuma ƙarshen gudun motar yana nan yadda yake.

Ga lissafi na misali. A ce sabon filawil ya rage taurin juyi, wato wahalar hanzarta juyinsa, da 0.05, a ma'aunin kilo sau murabba'in mita. Rabon giya ta ɗaya 3.6, na difa 4.1, daga tsakiyar taya zuwa ƙasa mita 0.31. Ka ninka 3.6 da 4.1 ka sami 14.8, ka raba da 0.31 ka sami kusan 47.6, ka ninka shi da kansa, sannan da 0.05. Amsa kusan 113. Ma'ana a giya ta ɗaya kamar ka sauke kilo 113 ne daga motar. Yi wannan lissafin a giyar da rabonta 1 ne, za ka ga kilo 9 kacal. Shi ya sa a giya ta ɗaya da ta biyu motar ke zabura, a ta biyar kuwa ba za ka ji bambanci ba.

Kada ka tsaya ga kilon da aka rubuta a kwali. Inda aka cire nauyin ya fi yawansa muhimmanci. Kilo 1 daga bakin da'ira ya kai kilo 4 da aka cire daga rabin nisan zuwa tsakiya.

Giya_Shida:
Oga ya gama da lissafi, bari in taɓo abin da za ka ji a ƙafa da kunne. Daɗinsa shi ne inji yana amsa totur nan take, juyi ya hau da sauri ya sauka da sauri, daidaita juyi lokacin rage giya kafin kwana ya zama da sauƙi, birkin inji ma ya ƙaru.

Wahalar tana wajen tashi. Da filawil mai nauyi za ka iya sakin kuloci a silo motar ta gangara. Da mara nauyi sai ka ƙara totur, in ba haka ba ta mutu, musamman a hawa ko da esi a kunne. Mai ƙara totur yana jan kuloci kuma faifansa yake ci. A cunkoso abin yana gundura.

Sai ƙara. Filawil mai ɓari biyu, wanda kamfanin LuK ya fara fitarwa a 1985, yana da dogayen sifirin a tsakanin ɓangarorin biyu, su ke shanye girgizar karanshaf kafin ta isa giyabos. Ka cire shi, girgizar ta wuce kai tsaye, haƙoran giyar da ba sa ɗauke da kaya su riƙa kaɗa juna. Za ka ji kacau-kacau a silo idan giya tana firi, ka taka kuloci ƙarar ta ɗauke. Haka ma idan ka danna totur a babbar giya juyi yana ƙasa da 2,000. Dole faifan kulocin da za ka haɗa da shi ya zama mai sifirin a cibiya. Faifan da ke tafiya da mai ɓari biyu yawanci ba shi da su, kada a mayar da irinsa. Wasu motocin kuma kwamfutarsu tana lura da saurin karanshaf don gano silindar da ba ta kama wuta ba, sai sabuwar girgizar ta ruɗe ta, ta kunna fitilar inji da lamba P0300 alhali lafiya lau.

Ni a ganina kilo 5 ya yi kaɗan ga motar da ke shiga gari kullum. Kilo 7 zuwa 8 ya fi.

Mai_Silinda4:
Na gode ƙwarai. To alminiyam ko ƙarfe? Wani kuma ya ce a kai na kamfanin a fere shi a injin juya ƙarfe.

BabanGareji:
Maganar fera a bar ta, Malam. Mai ɓari biyu ba ya feruwa, ƙarfen zubi ma da aka rage wa kauri yana iya tarwatsewa a juyi 7,000, kuma kusa da ƙafarka yake. Nemi na ƙarfen kuromoli da aka ƙera dunƙule guda, mai shaidar ingancin kayan tsere ta SFI 1.1. Na alminiyam ya fi rashin nauyi, amma fuskar da kuloci ke kamawa farantin ƙarfe ce da aka ɗaure da kusoshi, zoben haƙoran kik ma daban yake, ga zafi yana buɗa alminiyam fiye da ƙarfe. Ya fi dacewa da tsere.

Wajen ɗaurawa, a ƙirga haƙoran kik a gwada da na tsohon. Idan na'urar karanta juyin karanshaf daga jikin filawil take karatu, tsarin haƙoranta ya zama iri ɗaya, in ba haka ba motar ba za ta tashi ba. Kusoshi sababbi za a sa, don na kamfani galibi masu miƙewa ne, sau ɗaya ake ɗaure su, kuma tsawonsu yakan bambanta da na sabon filawil. A shafa musu maganin hana kwancewa, a ɗaure su a gicciye mataki-mataki da sifana mai awo, bisa adadin da ke littafin motar. A goge man kariyar da ke fuskar filawil tas, a auna karkacewarsa da agogon awo. Tun da giyabos yana ƙasa, a canja oyilsil na bayan karanshaf, da boris na tsakiya, da na sakin kuloci. Bayan haka a lallaɓa kulocin na kimanin kilomita 800 kafin a shiga fili.

Turbo_V8:
Ƙari kaɗan. Wasu injina da filawil ake daidaita su, kamar Ford 302, wanda ke da mai nauyin daidaitawa na oza 28 da na oza 50. Ka sa wanda ba nasa ba, girgiza ta cinye metal ɗin karanshaf. Kuma kada wanda ya rage filawil ya haɗa da cire fuli mai roba na gaban inji, shi ke kare karanshaf daga murɗewa. Mai tseren miƙaƙƙen layi da mota mai nauyi ko babban turbo, shi filawil mai nauyi ne abokinsa, domin ƙarfin da ya tara shi ke hana inji durƙushewa a sakin kuloci na farko. Taka kuwa, tun da ba turbo, idan filin mai kwana ne, kuromoli na kilo 7 da faifai mai sifirin ya wadatar.